Tambaya da Amsa: Ciyawar roba a bayan gida don yara su riƙa buga ƙwallo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah inada ɗan fili a bayan gida, zai kai mita 12 a tsawo 7 a faɗi, yarana maza kullum nan suke buga ƙwallo, in anyi ruwa kuma wajen ya koma taɓo su shigo min da shi har falo. Shine nake tunanin sa ciyawar roba irin ta filin wasa. Wani mai aikin yace a share ƙasar kawai a shimfiɗa, wuni ɗaya ya gama. Shin haka ne? Sannan babbansu ƙwallon kwando yake so, zai yiwu a kai? Nagode. Daga wani uban yara.

AMSA: Wa'alaikumussalam Malam, Allah ya raya mana su. Gaskiya tunaninka yayi, amma maganar mai aikin nan kar ka yarda da ita. Ita ciyawar da ido ke gani itace ɓangare mafi sauƙi, aikin gaske yana ƙarƙashinta, kuma in aka shimfiɗa a kan ƙasa haka nan to ruwan farko mai ƙarfi zai nuna maka, nan ya lotsa can ya kumbura, ruwa ya kwanta a tsakiya, ciyawar gaske ta fara leƙowa ta gefe, yaro yana gudu ƙafarsa ta gurɗe.

Abinda ake yi shine a fara haƙe ƙasar sama kamar santimita 10 zuwa 15, a kwashe saiwoyi da duwatsu. Kafin a sa diga ka tabbata inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi, don ana yawan fasa su a irin wannan aikin. Sai a bawa wajen ƴar gangara, kamar santimita 1 a kowace mita, ta yi nesa da ginin gida ta nufi magudanar ruwa, ido ma ba zai gane ba amma ruwa zai gane. A shimfiɗa ƙyallen nan mai hana ciyawa tsirowa, a zuba fasasshen dutse a daddaɓe shi da inji, kuma ba'a jibge shi lokaci ɗaya, kaɗan kaɗan ake zubawa ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa, a saman a bi da garin dutse mai laushi a baje. Ka taka da kanka, in takalminka ya bar sawu to ba'a gama ba, kace a sake bi. A kewaye gefen da kankare ko katako don a samu abin kama bakin ciyawar. Tunda yara ne kuma faɗuwa ba makawa, ina baka shawara a sa siririyar katifar roba a ƙarƙashi, tana rage zafin faɗuwa sosai.

Wajen saye kuma ka faɗa musu ta wasa kake so, don akwai ta kwalliya wadda tafi kyau a ido amma bata jure guje-guje. Ta filayen ƙwallon ƙafa gashinta yakan kai milimita 40 zuwa 60 kuma ana cika ta da yashi da ɓarɓashin roba, ta tanis gajeriya ce ana cika ta da yashi kawai. A fili irin naka matsakaiciya mai yashi ta isa. Ni dai ɓarɓashin robar nan, da ake yi da tsohuwar taya, bana son shi a gida, yana shiga takalmi da safa ya bi yara har ɗaki, ruwa ya wanke shi zuwa kwata, shiyasa ma a 2023 Tarayyar Turai ta yanke cewa daga 2031 za'a daina sayar da shi don cika filaye.

Ranar shimfiɗawa ka tsaya a wajen. A warware ta a bar ta a rana na ƴan awoyi ta saki jiki kafin a yanka, kuma duk falle-fallen gashinsu ya kwanta ɓangare ɗaya, in aka juya ɗaya zaka ga kala biyu har ta tsufa. Mahaɗar a sa mata tef da gam nata na musamman.

Maganar kwando, a'a, ƙwallon ba zata tashi da kyau a kan ciyawa ba, yaron zai ji haushi kawai. Ka ware masa kusurwa ɗaya ayi daɓen kankare a kafa sandar a nan.

Abu ɗaya da masu sayarwa basa son faɗa shine zafi. Roba ce, da tsakar rana tana iya wuce digiri 60, ƙafa ba takalmi zata ƙone wallahi. Watsa ruwa da tiyo yana sanyaya ta amma na ɗan lokaci ne, don haka wasan ya zama da safe ko yamma, in da hali a ja rumfar raga a sama. Ka duba tagogi ma, akwai gilashin da ke mayar da hasken rana waje ɗaya har ya narkar da gashin. Garwashi da guntun sigari kuwa kar su kusance ta.

Kula da ita ba wuya, a kwashe ganye, a riƙa taje ta da buroshi mai tauri don gashin ya miƙe, in yashin ya ragu a gaban raga a ƙara. Da haka zata yi shekara 8 zuwa 10. Kuma kar ka manta da doguwar raga ta gefen katanga, kafin ƙwallo ta fara ziyartar gilashin maƙwabta.