Wani ƙaton ƙadangare ya tare a bayan akurkina

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni mazauniyar unguwar Birni ce a nan Damagaram. Yau kwana huɗu wani ƙaton ƙadangare, tsawonsa ya kusa kamu biyu, ya tare ƙarƙashin tarin itacena, dab da akurkin kaji. Ƙwai uku sun ɓace. Ɗana da ke lise ya ce sunansa iguwana, yaran unguwa kuma sun ce in bar su su jefe shi. Ina da jika mai rarrafe. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara dakatar da yaran nan, sannan mu san wane ne baƙon naki.

Ɗanki bai yi ƙarya ba, abin da ya ji ya faɗa, domin masu jin Faransanci a ƙasashenmu sukan kira damo da guza da wannan suna. Amma iguwana ta ainihi ba dabbar Afirka ta Yamma ba ce. Asalinta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Tana da jerin ƙayoyi daga ƙeya har gadon baya, da wata fata mai reto a maƙogwaro, abincinta kuwa ganye ne da furanni da ƴaƴan itace. Wanda ke shanye ƙwai a Birni, da damina, kusa da duwatsun nan namu da tabkunan da suka cika, ni dai na fi zaton ɗan gida ne. Ki tsaya daga nesa da hantsi lokacin da ya fito shan rana, ki dubi harshensa. In yana zaro shi yana mayarwa, mai baki biyu kamar na maciji, to damo ne ko guza. Damo gajere ne mai kauri, launin ƙasa, da faffaɗan kai. Guza ya fi tsawo da zafin nama, da ɗigo-ɗigon rawaya, kuma ba ya nisa da ruwa. Shi ne ya fi ɓarnar ƙwai da ƴan tsaki.

Ina yaro na ga an rutsa da wani damo a lungun katangarmu. Ya kumbura, yana huci, bai taɓa kowa ba sai da wani ya kama shi ta baya, ya zabga masa wutsiya a ƙwauri. Har yau ina jin zafin yadda aka ƙarasa shi da duwatsu, dabbar da ta yi damina tana cinye mana fara da kunama. Ba a banza ake ce masa sarkin haƙuri ba.

Saboda haka ki ba shi hanya. Ki shigar da jikarki ɗaki, a ɗaure kare in akwai, a buɗe ƙofar gida ko rariyar da ya shigo ta ciki. Babban mutum ɗaya ya riƙa janye itacen da doguwar sanda daga ɗaya gefen, kowa ya kauce daga gabansa. Galibi da kansa zai fice. In ya ƙi, kada a sa hannu. Ki aika wurin ma'aikatan gandun daji su zo su ɗauke shi, aikinsu ne, kuma Nijar na da dokar farauta da kare namun daji.

Maganar jikarki ita ta fi damuna. Irin waɗannan dabbobi kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a kashinsu, mai sa gudawa da zazzaɓi, ta fi kuma kayar da ƙananan yara. A kwashe kashin, a wanke wurin da sabulu, a rufe randa. Wanda dabbar ta ciza ko ta yakusa, a wanke ciwon sosai da ruwa da sabulu a kai shi likita a ranar, a tambayi allurar tetanus.

In kuwa kin ga ƙayoyin nan da fatar maƙogwaro, to iguwana ce ta ainihi, wani ne ya shigo da ita ƙasar nan yana kiwo ta kuɓuce masa. Kada a sake ta a daji, sanyin hunturu na iya sandarar da ita. A jihar Fulorida ta Amurka har faɗowa suke daga bishiya in sanyi ya tsananta. A ajiye mata ruwa da ganyen zogale, a sanar da mai unguwa a yi cigiya, a kuma gaya wa ƴan gandun daji.

Bayan baƙon naki ya tafi, a ɗora itacen kan duwatsu nesa da kaji, a toshe ramukan gindin katanga, a sa wa akurkin waya mai ƙananan ido. Ƙwai kuma ki riƙa kwashe su safe da yamma.