Tambayi Likita: Sojojin Jiki a Cikin Ƙarin Sankarar Baki

Tambaya: Likita, an yanki tsoka a harshen mahaifina a asibitin Shika, aka ce sankara ce. A takardar sakamakon an rubuta cewa ƙwayoyin garkuwar jiki sun cika ƙarin. Alheri ne? Daga Tudun Wada.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Galibi alama ce mai kyau. Idan aka sa siririn yankan a ƙarƙashin madubin likita, akan ga wasu ƙananan ƙwayoyi masu duhu sun yi cincirindo a bakin ƙarin, wasu ma sun kutsa tsakiyarsa. Su ne limfosayit. Nau'insu mai alamar CD8 aikinsa kashe ƙwayoyin sankara, kuma bincike ya nuna waɗanda ƙarinsu ke da su da yawa sun fi daɗewa a raye. Sai dai ba duk mai kaki ne naka ba. Akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj masu alamar CD163 da ƙari ke janyewa ɓangarensa, su taya shi yaɗuwa, kuma yawansu ba ya yi wa majiyyaci daɗi. Duk da haka, abin da na fi dubawa shi ne girman ƙarin, zurfinsa, da ko ya kai kaluluwar wuya. Da waɗannan ake yanke shawarar tiyata ko gashin ƙarin da na'ura. Kada wannan layi ɗaya ya sa ku ɗage ranar aiki.

Tambaya: Akwai maganin da ke ƙara wa ƙwayoyin nan ƙarfi? Daga Barnawa.

Amsa: Akwai. Keytruda da Opdivo suna kwance takunkumin da ƙari ke sa musu. Amurka ta amince da su a 2016 don sankarar kai da wuya da ta dawo ko ta bazu. Suna da tsada ƙwarai, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Jiƙe-jiƙen “ƙarfafa garkuwa” da ake talla da lasifika a tasha kuwa, ba sa wannan aikin.

Tambaya: Ina da gyambo a gefen harshe wata guda, ba ya zafi, kuma ina shan sigari. Daga Rigasa.

Amsa: Malam, rashin zafin bai kwantar min da hankali ba. Duk gyambon bakin da ya wuce mako uku bai warke ba sai an duba shi. Ka je sashen haƙori na asibitin Barau Dikko cikin makon nan, kuma ka ajiye sigarin.