Tambaya da Amsa: Toshe ƙofar kuskure a harkar sayayya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da sayayya a wata makaranta mai zaman kanta a Zariya. Sau da yawa sai mu yi odar abu a kawo mana wani daban, ko a kawo bai cika ba. An yi faɗa, an yi gargaɗi, abin ya ƙi ƙarewa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Faɗa ba ya maganin mantuwa. Wani injiniyan Japan, Shigeo Shingo, wanda ya yi aiki da Toyota, ya yaɗa wata dabara a shekarun 1960 da ake kira poka-yoke: a tsara aiki yadda kuskure ba zai yiwu ba, ko in ya faru a gan shi nan take. A wata masana'antar makunnin lantarki ma'aikata kan manta sa sifirin, sai Shingo ya sa kowa ya fara ware guda biyu a ɗan faranti. In ya gama haɗawa ya ga saura a farantin, ya san ya yi tsallake.

A wajenku ɓarnar takan faro daga takardar oda. In aka rubuta "takardar A4, 10", goma ɗin me? Rim ɗaya falle 500 ne, kwali kuma rim biyar, wato tsakanin rim goma da kwali goma akwai ninki biyar. Haka rodi: mai milimita 12 daban, mai 16 daban, kuɗinsu ma daban. Don haka ku buga fom mai gurbi huɗu na dole: sunan kaya da lambarsa, girma ko samfuri, ma'auni, sai adadi da lamba da kuma kalmomi. Gurbi ɗaya ya zama fanko, ba a sa hannu. In a kwamfuta kuke aiki, a sa ma'aunin ya zama zaɓi daga jeri, kada kowa ya rubuta yadda ya ga dama. Odar baki ko ta waya kuwa a soke ta gaba ɗaya.

Ranar karɓar kaya, kada a nuna wa mai kula da sito adadin da aka yi oda. A ba shi kwafin da aka rufe wannan gurbin, ya ƙirga da kansa ya rubuta. Wanda ya riga ya ga 50 a takarda, ido kawai zai kai wa tulin ya sa hannu. Wannan matakin ba ya cin ko sisi, kuma mu a ganinmu shi ya kamata ku fara da shi.

Tambaya: Ni akanta ce a wani asibiti a Kano. Mun taɓa biyan ɗan kwangila sau biyu kan kaya ɗaya, sannan kwanan nan wani ya turo saƙo wai an canja asusun bankin mai kawo mana magani. Yaya za mu kare kanmu?

Amsa: Hajiya, kada kuɗi ya fita sai takardu uku sun yi daidai: takardar oda, takardar shaidar karɓar kaya daga sito, da takardar neman biya. Adadi da farashi su zo ɗaya a dukkansu. Biya sau biyu yakan faru ne in an karɓi hoton takardar neman biya ta WhatsApp aka biya, daga baya ta asali ta iso. Ku biya kan ta asali kaɗai, ku buga mata hatimin "An biya" da kwanan wata, ku kuma ajiye rajistar lambobin takardun a kwamfuta, yadda za ta ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu daga mutum ɗaya.

Batun canja asusu kuwa tsohuwar hanyar 'yan damfara ce. Kada ku kira lambar da ke cikin saƙon. Ku kira wadda ke fayil ɗinku tun farko, ku nemi wasiƙa mai hatimin kamfanin. In kun shigar da lambobi goma na asusun, ku duba sunan da banki ya nuna. In ba sunan kamfanin ba ne, a dakata. Wanda ke da ikon sauya bayanan asusu kuma kada ya zama shi ne mai tura kuɗi, ko da ma'aikatanku uku ne kacal.