Dubu 5 ta da ko dubu 25 ta yanzu, wacce ta fi tsoka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina cikin damuwa. Mahaifiyata tana Kurna, mahaifinmu ya rasu ya bar mata yara uku ƙanana. Maƙwabciyarta ta sha karɓar dubu biyar-biyar zamanin Buhari, yanzu ana cewa dubu 25 ake bayarwa, abokina da ke Ingila kuma ya ce can kusan fam 400 ake ba mara aiki duk wata. Wai ƙarin gaske aka yi mana ko ya abin yake? Sannan wani ya ce in kawo dubu 3 da BVN ɗinta da lambar da banki zai turo, zai saka sunanta kafin a rufe ranar Juma'a. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya jiƙan mahaifinku ya raya marayun nan. Kar ka ba shi ko sisi, zan dawo kansa, bari mu fara da lissafin.

Dubu 5 ɗin nan ta shirin tallafi ce da aka ƙaddamar a 2016, duk wata, amma ana haɗawa a biya dubu 10 duk wata biyu. A lokacin litar fetur naira 145 ce, kenan kuɗin wata ɗaya zai sayi lita 34. Dubu 25 kuma Tinubu ne ya ƙaddamar a Oktoban 2023 bayan cire tallafin mai, da farko ma dubu 8 aka ce tsawon wata shida, jama'a suka yi ca aka janye. To da fetur ya haura dubu ɗaya a ƙarshen 2024, dubu 25 ba ta kai lita 25 ba. In da dala za ka auna, dubu 5 a canjin gwamnati na 305 dala 16 ce da ɗoriya, dubu 25 a canjin 1,500 ita ma dala 16 da ɗoriya. Ka ga an rina, lamba ce ta kumbura. Kuma abin da mutane ke mantawa, dubu 25 ɗin sau uku kawai aka tsara, jimilla dubu 75, kuma gida ake ba ba mutum ba, ita kuwa ta da wasu gidajen sun yi shekaru suna karɓa.

Zancen Ingila kam gaskiya abokinka ya faɗa, Universal Credit, wato tallafin da gwamnati ke ba marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, na mai shekara 25 zuwa sama wanda ba shi da aure ya kai wajen fam 400 a wata, amma kar ka buga da canjin kasuwar 'yan canji ta Wapa ka ɗaga hankalinka, can kuɗin wuta da gas da cefane kaɗai sun isa su lashe ta, kuma yawancin mutanenmu da suka je da bizar karatu ko ta aiki ba su da hakkin taɓa ta. In kwatance kake so na kusa, ɗauki Afirka ta Kudu, tun 2020 suke ba marasa aiki rand 350 a wata, a 2024 suka mayar 370. Kuɗin ba yawa, amma duk wata ake biya, abin da namu ya rasa kenan.

Yanzu mutumin naka. Wallahi na gaji da wannan magana, kusan kullum sai an zo min da ita. Rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa ba fom ɗinta ake sayarwa ba, ba mai kafe ko mai POS ko yaron kansila da ke da hanyar cusa suna. Jami'ai ne ke shiga unguwa, a tara mutane su da kansu su faɗi gidajen da suka fi buƙata, sannan a bi gida-gida a ɗauki bayanai. E, ana neman NIN ko BVN don a tantance kafin a biya, nan ne ɓarayin suka samu ƙofa, tunda mutane sun ji gwamnati ma na tambaya. Amma lambar nan da banki ke turowa ta saƙo, da fin ɗin kati, da lambobin jikin katin, ba wanda ke buƙatarsu don ya saka maka kuɗi. Cirewa ake yi da su. Ka taɓa ganin wanda zai kawo maka sadaka ya ce sai ka ba shi makullin ɗakinka tukunna?

Kuma kullum salon ɗaya ne, za a rufe Juma'a, saura mutum biyar, kar ka faɗa wa kowa. Ko a turo linki a guruf ɗin WhatsApp da hoton shugaban ƙasa a ce ka tura wa mutum goma kafin alat ya shigo, sai ka ga har masu ilimi suna turawa wai ko Allah zai sa a dace. Na zauna da wata dattijuwa da ta karanto musu lambar a waya, kuɗin adashinta ne a asusun, kafin ta idar da la'asar sun kwashe, ta je banki aka yi ta mata je ki dawo har ta haƙura. Abin da ya fi ƙona min rai, wasu ba kwashewa kawai suke ba, bashi suke ci da bayananka a manhajojin bashi, kana zaune a fara kiranka ana zagi. Su ma hukumomi da laifinsu, an dakatar da shirin a Janairun 2024 lokacin da aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu, aka bar mutane ba bayani, to ina jita-jita ba za ta yi kasuwa ba.

Abin da za ka yi, ka tabbatar Hajiya tana da NIN, sunan da ke kai ya yi daidai da na asusunta, don harafi ɗaya ya bambanta sai biyan ya maƙale. Ka je wajen mai unguwa ka tambaya ko an taɓa ɗaukar gidajen layinku, daga nan sakatariyar ƙaramar hukuma, ka nemi jami'in da ke kula da rajistar. In kuwa ka riga ka ba mutumin nan wata lamba ka ji kunyar faɗa min, yau ɗin nan ka kai ta banki a toshe katin a canja fin.