Tambayoyinku: Nas ta ce in sha ruwan suga, uwar mijina ta ce zaƙi zai taru

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah a sakaya sunana. Cikina wata shida ne, na huɗu kenan, shekaruna 34. Da na je awo nas ta ba ni takarda wai in dawo da sassafe ban ci komai ba, za a ba ni ruwan suga in sha a ɗebi jinina har sau uku. To ni Anti lafiyata ƙalau, fitsarina ma duk zuwa sai an gwada ba a taɓa cewa an ga suga ba, kuma Hajiyar maigidana ta ce ina aka taɓa ɗura wa mai ciki suga, zaƙi ne zai taru ya ba ni wuya a naƙuda, har ta aiko min da maganin zaƙi na fara sha. Yarona na ƙarshe kilo 4.3 aka haife shi, da ƙyar ya fito. Mamata kuma tana da ciwon suga. In je ko in bari? Daga wata 'yar'uwa a Funtua.

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah Ya raba lafiya. Ki je, dan Allah ki je. Ko da ba ki faɗa min komai ba zan ce ki je, balle ga mama mai suga ga yaro da ya haura kilo 4, ai ke irinki ma tun farkon awo ake so a duba.

Maganar lafiyarki ƙalau, shi sugan ciki, wato hawan suga a jini da ke samun mace lokacin da take da ciki, haka yake, yawancin mata ba sa jin komai, wanda ma ake ji ɗin, ƙishirwa, yawan fitsari, kasala, wace mai ciki ce ba ta da su? Abin da ke faruwa shi ne mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai masu rage wa insulin ƙarfi, shi kuma insulin shi ne yake kwashe suga daga jini ya kai inda jiki zai yi amfani da shi. Mace da yawa jikinta yana ƙara samar da insulin ɗin ya cike gurbin, wata kuma nata ya gaza sai suga ya riƙa zama a jini. Abin yana ƙarfi ne daga tsakiyar ciki, shi ya sa ake gwajin tsakanin sati 24 zuwa 28, daidai inda kike yanzu.

Fitsari kuwa ba abin dogaro ba ne a nan. Wata za a ga suga a fitsarinta alhali jininta lafiya lau don ƙodar mai ciki takan ɗan saki suga, wata kuma jinin ya hau fitsarin bai nuna ba.

Ga yadda ranar take. Kwanaki ukun da suka gabata ki ci abincinki yadda kika saba, kar ki ce za ki rage tuwo don sakamako ya yi kyau, kanki za ki ɓoye wa gaskiya. Daren da za ki je, in kin ci abinci wajen ƙarfe goma shikenan sai ruwa zalla, aƙalla awa 8, ba shayi ba koko ba goro ba cingam. Da kin isa za a ɗebi jini na farko, a ba ki gulukos giram 75 da aka dama a kofin ruwa ki shanye cikin minti biyar, zaƙinsa har maƙogwaro wallahi kuma yakan tayar wa wasu zuciya, in kika yi amai ki faɗa musu don sai an sake wata rana. Daga nan ki samu benci ki zauna, kar ki ce bari in leƙa kasuwa in dawo don tafiya tana ƙona sugan ta ɓata lissafi. Bayan awa ɗaya a ɗiba, bayan awa biyu a sake. Ki tafi da abin kari a jaka da wanda zai raka ki.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 shi ne na farko kafin a sha ya kai 5.1, na awa ɗaya ya kai 10.0, na awa biyu ya kai 8.5, duk a ma'aunin da ake rubutawa mmol/L. In lab ɗinku da ɗaya ma'aunin, wato mg/dL, suke rubutawa za ki ga 92, 180 da 153. Ko ɗaya ne cikin ukun ya kai, an kira shi sugan ciki.

Hajiya kuma ba za a ce damuwarta ba ta da tushe ba, yawan zaƙi ga mai ciki ba alheri ba ne. Amma wannan kofin sau ɗaya ne, sugan da ke cikinsa kusan na lemon kwalba biyu ne, ba zai taru ya tsaya a mara ba. Wanda ya fi damuna shi ne na kullum da ba a ƙirgawa, shayi mai kauri da burodi da safe, fura an zabga mata suga da rana, kunun aya, lemo a gidan suna. Maganin zaƙi kuma ba shi da awo, ba zai gaya miki nawa ne a jininki ba, ki dakata da shi ki kai wa nas ta gani. Ki sa maigida ya yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, daga bakin ɗanta zai fi shiga.

Dalilin da ya sa nake matsa miki shi ne jaririn. Sugan jininki yana ratsawa ya je masa, sai jikinsa ya yi ta samar da nasa insulin yana tara kitse, musamman a kafaɗu da ƙirji, mu kuma muna ta masha Allah ƙaton yaro. A wajen haihuwa kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ko a ƙare da tiyata. Bayan an yanke cibi sugansa na iya faɗuwa ƙasa, shi ya sa ake so a sa shi a nono nan take, kar a zubar da dakashi. Ke ma haɗarin hawan jini da jijjiga yana ƙaruwa.

In an gani kar hankalinki ya tashi. Da yawa gyaran abinci ne ke riƙe su, a rage malmalar tuwo a ƙara miyar ganye, wake, ƙwai, kifi, zogale, a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a ɗan zaga tsakar gida bayan cin abinci. Wadda hakan bai ishe ta ba likita ya ba ta ƙwayar maganin suga ta metformin ko allurar insulin. Yawanci yana sauka da an haihu, amma ki koma a sake gwadawa tsakanin sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa, wato da kin yi arba'in ki tuna, daga nan kuma ki riƙa dubawa lokaci-lokaci don wadda ta yi shi a ciki ta fi kusa da kamuwa da ciwon suga nan gaba.

TAMBAYA: Anti ni magidanci ne daga Maraɗi, iyalina tana da ciki, na kai ta kemis an soki yatsarta da 'yar na'urar nan an ce sugan daidai yake. Ya isa ko sai an yi na asibiti?

AMSA: Malam Allah Ya saka da alheri da kulawar nan. Bai isa ba gaskiya, ita na'urar sugan wannan lokacin kawai take nunawa, kuma ya danganta da me ta ci da yaushe ta ci. Amfaninta ya fi yawa ga wadda aka riga aka tabbatar tana da shi, tana bin sa a gida. Ka kai ta inda take awo ku tambayi gwajin shan gulukos ɗin, in ba sa yi su tura ku inda ake yi kafin sati 28 ya wuce.