Cakulan mai zafi da kayan ƙamshi: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Hunturu ya shigo, yara sun matsa min in riƙa haɗa musu cakulan mai zafi da kayan ƙamshi. Na shiga kanti na ga Milo da Bournvita, na ga garin koko tsantsa, ga kuma cakulan na ci. Wanne zan saya? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sayi garin koko tsantsa, wato na 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su, ba kokon gero na karin kumallo ba. Juya gwangwanin Milo ko Bournvita ki karanta, za ki ga tsiron sha'ir da sukari da madara sun cinye wuri, kokon kaɗan ne. Suna da daɗinsu, amma zaƙinsu yana danne ƙamshin kirfa da citta. Tsantsan kuwa ɗaci gare shi, ke ce za ki auna sukarinki, kuma gwangwani ɗaya zai daɗe.

Garin iri biyu ne. Akwai mai hasken ƙasa-ƙasa da ɗan tsami, akwai mai duhu wanda aka kashe tsaminsa da wani sinadari mai aiki irin na kanwa. Mutanen Holan ne suka fito da wannan dabara, kuma gidan van Houten na can ne ya ƙera na'urar matse man koko a 1828, wadda ta ba mu garin kansa. Ga sha, na fi son mai duhun, ya fi shiga jikin madara.

In da hali, ƙara gutsure biyu ko uku na baƙin cakulan a tukunya, yana ba shi kauri da sheƙi. Sai dai ki duba a ce da man koko aka yi shi. Masu arha da yawa man alayyadi ne a ciki, shi ne kike jin ya daskare miki a ganɗa. Abin yana min ciwo: ana noman koko a Ondo da Kuros Riba, Kwaddibuwa da Gana suna samar da wajen rabin na duniya, amma sau da yawa sai ya je waje ya dawo mu saya da tsada. In kin samu na gida mai kyau, kada ki raina shi.

Tambaya: Anti, ina da haɗaɗɗen kayan shayi da na saya a kasuwa. Zan iya zuba shi kawai? Daga wata amarya a Maraɗi.

Amsa: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Ajiye shi don shayi. Irin wannan haɗin yakan cika kanumfari da kimba da na'a-na'a, ɗacinsu ya haɗu da na koko, abin ya koma kamar jiƙo.

Cakulan da yaji tsofaffin abokai ne. Mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko da barkono suke shan sa, ba madara ba sukari. Sai da Sifaniyawa suka zo a ƙarni na 16 sukari da kirfa suka shiga. Har gobe a Meziko ana sayar da dunƙulen cakulan mai kirfa, irin su Abuelita da Ibarra, a jefa a madara mai zafi. To kirfa ce uwar tafiya, sauran 'yan rakiya ne.

Ga yadda nake yi wa mutum biyu. Rabin kofin ruwa a ƙaramar tukunya, sandar kirfa tsawon ɗan yatsa, busasshiyar citta ɗaya a ɗan daddaka, kanumfari biyu kacal. Su tafasa minti biyar, har ruwan ya yi ja-ja, ƙamshi ya cika kicin. Ki tace. Da wannan ruwan za ki kwaɓa garin koko babban cokali biyu, sukari cokali ɗaya da rabi, da ɗan gishirin da yatsu biyu za su ɗauka. Sai ki zuba madara kofi biyu, ki rage wuta, ki sauke da zarar ta fara kumfa a gefen tukunya. Idan na manya ne, ki barbaɗa barkono ɗan mitsitsi. Ba a jin sa a harshe, sai ya sauka maƙogwaro yake ɗumama mutum.

Ki kula da ɗanyar citta. In kika goga ta kai tsaye cikin madara mai ɗumi, tana iya tsinka ta. Shi ya sa ake fara tafasa ta a ruwa.

Tambaya: Hajiya, kullum in na haɗa cakulan, gudaji yake yi. In sayi ɗan injin kaɗa madara ne? Daga wani magidanci a Jos.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Garin koko yana da maiƙo, shi ya sa in ka zuba shi a ruwa mai yawa yake tasowa ya dunƙule, cikinsa a bushe. Ka fara kwaɓa shi da ruwan zafi cokali uku ko huɗu har ya yi sumul kamar ƙullun ƙosai, sannan ka tsinka da madara a hankali. Kumfa kuma, mutanen Meziko da wani ɗan icce suke tayar da ita, suna murza shi tsakanin tafukan hannu. Maburgin miyar kuka ne sak. Ka sayi sabo a keɓe masa, don tsohon ya riga ya sha daddawa.

Tambaya: Zai hana yara barci? Daga wata malamar makaranta a Kaduna.

Amsa: Malama, koko yana da sinadarin kafeyin, irin na shayi, mai wartsake ido, amma na cikin babban cokali ɗaya bai kai rabin na kofin baƙin shayi ba. Duk da haka ni da la'asar nake ba yara, rabin kofi, ban da barkono, kuma su wanke baki kafin su kwanta saboda sukarin.