Canjin shago ba rara ba ne: amsa ga mai tara kuɗin tafiya a asusu

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Dole ta Damagaram ya aiko da wannan tambaya: “Assalamu alaikum. Ina da mata da yara huɗu. Yayana yana zaune a Yamai, ya daɗe yana cewa in kawo masa iyali, ga shi yaran ba su taɓa wuce Maraɗi ba. Na sayi asusu, kullum in zan tashi daga kasuwa sai in kwashe kuɗin ƙarfen da suka rage a akwatin ciniki in zuba, da niyyar in an yi babban hutun makaranta mu tafi. Wata biyu ke nan. Wani abokina ya ce jarina nake ci. In ci gaba ko in bari?”

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a nema. Kada ka bar asusu, niyyarka mai kyau ce. Amma maganar abokinka akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, domin wurin da kake ɗebo kuɗin shi ne matsalar.

Mai albashi in ya dawo gida ya juye canjin aljihunsa a asusu, kuɗinsa ne, ya riga ya ci guminsa. Kai kuwa abin da ke cikin akwatin ciniki ba naka ba ne duka. A ce ka saro sabulu a kan dala arba'in da biyar (sefa 225), ka sayar dala hamsin (sefa 250). Wannan ƙarfen na dala hamsin da mai saye ya miƙo maka, dala biyar kaɗai ce ribarka a ciki, sauran na shago ne, da su za ka saro wani sabulun. In ka jefa shi a asusu, ka jefa riba kashi ɗaya da uwar kuɗi kashi tara. Ba za ka ji a jikinka yau ba, ba za ka ji gobe ba. Ranar sari abin ke fitowa: inda ka saba ɗaukar katan biyar sai ka ga kuɗin huɗu ne a hannu, sai ka ce wa mai sari ya ba ka ɗaya bashi. Daga nan kanta ta fara yin fili, mai saye ya tambayi abu ka ce ya ƙare, kai kuma kana ta cewa kasuwa ce ba ta tafiya, alhali kasuwar tana gida cikin asusu.

Akwai kuma wata asarar da ta fi wannan saurin cizo. Kowa a ƙasashen sefa ya san kalmar “ba canji”. Babban bankin BCEAO, wanda yake da reshe a nan Zinder (Damagaram), ya fito da ƙarfen 200 da na 500 a 2003, ya dawo da takardar 500 a 2012, amma har gobe ƙananan kuɗi ba su wadaci kasuwa ba. Ga mai sayar da sukari da ganyen shayi da magi, canji kayan aiki ne. Mace ta zo da jaka biyu (sefa 2,000) tana son kayan dala sittin, in ba ka da abin mayar mata, maƙwabcinka za ta nufa, kuma mai yiwuwa can za ta zarce da saye daga ranar. Ko ka cika mata da alewar da ba ta nema ba, ko ka ce ta dawo anjima, a shiga bashin canji wanda ƙarshensa musu ne. Kai da ya kamata ka riƙa neman ƙarfe wurin ƴan kabu-kabu da masu shayi, kai ne kake kulle shi wata tara a ɗaki.

Saboda haka abu na farko: wannan asusun na wata biyu, ka buɗe shi cikin makon nan ka ƙirga. Ka mayar wa shago kuɗinsa. In ka san ribarka kamar kashi ɗaya cikin goma ce ta ciniki, to kashi ɗaya cikin goma na abin da ka tarar shi ne na tafiya, sauran ya koma kan kanta. Na san abin zai yi maka zafi, amma gara yanzu da lokacin da ramin ya yi zurfi.

Sannan ka yanka wa kanka albashi. Wannan ita ce maganar da na fi nanata wa ƙananan ƴan kasuwa, kuma ita ce aka fi jin nauyin yi. Ka zauna rana guda ka ƙidaya kayan shago kaf a kan kuɗin sari, ka haɗa da kuɗin hannu da bashin da kake bi wanda ka tabbata zai fito, ka cire bashin da ake bin ka. Abin da ya rage shi ne jarinka, ka rubuta a littafi da kwanan wata. Bayan wata guda ka sake. Ka riƙa rubuta duk abin da ka ɗauka don gida a tsakani, har da sukarin da aka aiko yaro ya karɓa. Daga nan za ka san abin da shagon yake iya ba ka a rana ba tare da ya rame ba. Wannan adadin shi ne albashinka. Cefane daga cikinsa, kuɗin makaranta daga cikinsa, asusu ma daga cikinsa.

Sai lissafin tafiyar kanta. Kuskuren masu asusu shi ne zuba abin da ya samu, a jira ranar fasawa a ga abin da Allah ya yi. Tafiyar mutum shida ba a yi mata haka. Daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, a bi ta Tasawa, Maraɗi, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, yini guda cur a mota. Ka taka da ƙafarka zuwa tashoshin kamfani biyu ko uku ka tambayi kuɗin kujera, zuwa da dawowa, ka kuma tambayi daga shekara nawa yaro yake biyan kujera cikakkiya. Ka ɗora guzurin hanya. Ka ɗora tsaraba, kuma sau biyu ce: wadda za ku kai wa gidan yayanka, da wadda maƙwabta da dangi za su sa ido a kai in kun dawo. Ka ɗora kuɗin tasi a cikin gari, domin ba za ka kai yara Yamai su dawo ba su ga kogi da gadar Kennedy ba, ba su shiga gidan tarihi na Boubou Hama sun ga namun daji da ƙasusuwan dabbobin zamanin da da aka tono a hamadar Agadas ba. Ka ware wani abu da za ka miƙa wa matar yayanka don cefane. Ko ta ce ka bar shi, baki shida a gidan mutum ba wasa ba ne, kuma wanda ya taimaka ya fi samun sakewa wurin zama.

Abin da kusan kowa yake mantawa shi ne shago. Kwanakin da ba ka nan, haya ba ta tsayawa. In rufewa za ka yi, ribar waɗannan kwanaki tana cikin kuɗin tafiya, ka sa ta a lissafi. In yaro ko ƙane za ka bar wa, ku ƙidaya kaya tare kafin ka tafi, ku sake in ka dawo, ka kuma hana shi ba da bashi. Yin haka ba rashin yarda ba ne, kare zumuncinku ne.

A ce, don misali kawai, duka lissafin ya tashi jaka 180. Daga Oktoba da ake komawa makaranta zuwa ƙarshen Yuni wata tara ne, wato jaka 20 a wata, ko kusan sefa 670 a rana. Wanda yake zuba dala hamsin kullum, a wata tara jaka 67 da rabi zai tarar. Mai zuba dala ɗari zai tarar da jaka 135. Ka ga ke nan tun yau za ka iya sanin ko asusunka zai kai ku Yamai ko a Ƙonni zai sauke ku. Ka kuma duba wani abu: jaka 180 a ƙarfen dala ashirin guda 1,800 ne. Irin canjin da ka yi shirin ɗauke wa shagonka ke nan.

Ni na fi son ka ɗaure kanka da adadin mako maimakon na rana, domin ciniki ba ya zuwa daidai. Alhamis da ake cin babbar kasuwa, mutanen ƙauye suka shigo, ka zuba da yawa. Ranar da gari ya yi shiru ka zuba kaɗan ba tare da zuciyarka ta ɓaci ba. Jaka biyar a mako, cikin mako 39, jaka 195 ce, ta rufe misalinmu har da ɗan abin ko-ta-kwana. In albashin da ka yanka ba zai iya ɗaukar jaka biyar ba, to lissafi ya gaya maka gaskiya da wuri: ko a rage tafiyar, ko a ƙara mata lokaci.

Game da ajiyar kuwa, asusun ƙasa yana da kyau ga yara, amma kai ka samu ƙaramin akwati mai kwaɗo. Duk ƙarshen wata a buɗe, a ƙirga, ka canza ƙarfen da takarda daga shagonka: ƙarfe ya koma aiki, takarda ta tafi ajiya. Makulli kuma kada ya zauna a aljihunka. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a yankin Maraɗi a 1991 har tsarin ya bazu ƙasashe da dama, da wannan dabarar suka tsare kuɗinsu: akwati a hannun wata, makullai a hannun waɗansu, ba a buɗewa sai a gaban jama'a. Ka ba uwargida makulli, a rubuta abin da aka tara a takarda kowa ya gani. Mutum yana iya yaudarar kansa da “gobe zan mayar”, amma da wuya ya faɗi haka a gaban matarsa da ƴaƴansa sau uku.

Takarda ba ta son dogon zama a ɗaki. Akwai gara, akwai ɓera, akwai yoyon damina, ga ɓarawo. Kada kuma ka bar ta a shago, ka san yadda gobarar kasuwa take. In ta kai kamar jaka 50, ka kai ta inda za a ba ka shaida a rubuce: banki, ko ma'ajiyar kuɗi mai izinin hukuma, ko asusun wayar salula. Ka tambayi kuɗin cirewa tun kafin ka saka, kuma in ta waya ce, kada ka yi amfani da layin da kake ciniki da shi kullum, don kuɗin da ke kusa da yatsa ba ya kwana. Riba ba ita ake nema a nan ba, tsaro ake nema. Adashe ma hanya ce, da sharaɗin uwar adashe mai amana ce kuma an yarda kwasarka ta faɗo a Yuni. In ta faɗo a Janairu, kafin hutu an cinye.

Manyan masu fasa asusu su ne azumi da salla. A ƴan shekarun nan azumi da ƙaramar salla da layya duk suna faɗowa tsakanin Fabrairu da Yuni, wato tsakiyar lokacin tarinka. Ɗinkin yara da rago ba za su jira ba, kuma in ba ka yi musu nasu tanadi daban ba, asusun tafiya za su ci. Haka nan kuna dawowa za ku tarar da komawa makaranta a Oktoba, da littattafai da kayan sawa, ga hatsi yana tsada a tsakiyar damina kafin sabo ya shigo. Kada ka tafi sai ka bar gero a gida da kuɗin makaranta a gefe. In kuma mai sari yana bin ka bashin da lokacinsa ya wuce, fara sallamarsa. Ba ya kyautuwa ya ji labarin ka kwashi iyali zuwa Yamai alhali kuɗinsa na hannunka, mutuncinka a wurinsa shi ma jari ne. Rashin lafiya kaɗai nake cewa a buɗe akwati ba tare da wani dogon tunani ba.

Ka sa yaran a ciki. Ka saya musu nasu asusun na ƙasa, su riƙa jefa dala biyar ko goma daga barka da salla ko ɗan abin da aka ba su, a ce wannan na tsarabar abokansu ne. Canjin cefane kuwa, in uwargida ta ga dama ta zuba, madalla, amma kada ka mayar da shi dole har miya ta fara tsinkewa. Akwai masu ganin irin wannan tafiya almubazzaranci ce ga ƙaramin ɗan kasuwa. Ban yarda da su ba. Yaran da suka kwana ɗaki ɗaya da ƴaƴan baffansu, suka ci a kwano ɗaya, ba za su tashi suna jin sunan juna a waya kawai ba, kuma wannan abu ne da ya cancanci a yi masa tanadi kamar yadda ake yi wa rago.

A farkon Mayu ku zauna ku ƙirga. In an kai kashi uku cikin huɗu na abin da ake nema, ka kira yayanka ku tsayar da rana, ka sake leƙa tasha ko kuɗin mota ya motsa. In ba a kai ba, kada ka ciyo bashi, kada ka taɓa kanta. Ko uwargida ta tafi da manyan yara biyu kai ka tsare shago, ko a ɗaga zuwa hutun Disamba lokacin da hatsi ya sauko, a ci gaba da zubi. Kafin nan kana iya ɗaukarsu wuni guda zuwa garaken Mirya ko tafkin Gidimuni, don kada su ga an yi musu alkawari an share.